DAGA BAKIN ALLO: "To" Ɗin Da Ke Cin Mu A Wurin Aiki

   

Abin da ya sa na ɗauko maganar yau, wani tsohon ɗalibina ne ya zo gaishe ni ranar wata Lahadi bayan la'asar. Ni na koya masa lissafi a ƙaramar sakandare, kuma a cikin 'yan ajinsu babu mai natsuwarsa. Yanzu shekararsa bakwai yana aiki a sito na wani kamfani a nan Kumasi. Bayan mun gaisa na ga yana ta murza hularsa a hannu, sai na ce masa, "Kai, faɗi abin da ke tafe da kai."

Ya ce, "Malam, an sake tsallake ni. Yaron da na koya wa aiki da hannuna shekara uku da suka wuce, shi aka ɗora a kaina. Ni dai na san dalili. Don ni ɗan Zango ne."

Na ce, "Ka taɓa gaya wa manajanku kana son wannan kujera?" Ya ce a'a, ai yana ganin aikinsa da idonsa. Na ce, "In an kira taron ma'aikata kakan yi magana?" Ya ce, "Haba Malam, manya na zaune, ina ni ina magana?" Na ce, "To ranar da aka ɗora maka aikin da ka san ba zai ƙare a kan lokaci ba, me ka ce?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ce to."

Ba na musun cewa akwai ofisoshin da ake yi wa ɗan Zango kallon hadarin kaji. Duk wanda ya tashi a Aboabo, ko a Nima da Sabon Zango na Ankara, ya taɓa ganin yadda fuskar wani ke sauyawa in ya ji sunan unguwar da ka fito. Wannan ciwo ne na daban, kuma za mu ci gaba da yin magana a kansa. Amma akwai wani ciwon da maganinsa ke hannunmu, kuma muna yawan ɓoye shi a bayan na farkon. Shi nake so mu duba a yau.

TARBIYYAR GIDA DA KUNNEN MANAJA

A gidajenmu an koya mana yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya musu da shi, in an aike shi ya ce to ya tashi. A makarantar allo ma haka. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba na fatan ranar da 'ya'yanmu za su yar da ita. Sai dai ku lura, "to" ɗin nan namu fuska huɗu gare shi. Akwai na "na ji, zan yi". Akwai na "na ji, amma ban yarda ba". Akwai na "ban gane ba, amma ina jin nauyin tambaya". Akwai kuma na "ba zai yiwu ba, sai dai ba ni ne zan faɗa maka ba". Uba a gida yakan gane wanne ne tun daga muryar ɗansa. Amma manajan da bai tashi cikinmu ba, in muka juya masa "to" zuwa Turanci ko Tonanci, abu ɗaya kawai yake ji, wato alkawari. In ranar ta zo bai ga aiki ba, ba zai ce yaron nan mai kunya ne ba. Cewa zai yi ba shi da alkawari.

Haka ma sunkuyar da kai. A wurinmu ladabi ne. A gaban masu ganawar ɗaukar aiki kuwa, waɗansu sukan ɗauka mutum bai san amsa ba, ko yana ɓoye wani abu. Haka ma shiru a wurin taro. Mu muna ganin kawaici muka yi, su kuwa suna rubutawa a zuci cewa wane ba shi da abin cewa. Ranar da za a zaɓi wanda zai shugabanci sashe, sai a nemi wanda aka saba jin muryarsa.

Kada wani ya ce Malam yana zaune a inuwa yana yi wa na rana dariya. Ni ma na sha wannan ruwa, har sau biyu.

A shekarata ta biyu da fitowa daga kwalejin horar da malamai, ina koyarwa a wani ƙauye, hedimasta ya tsayar da ni a baranda ranar Litinin yana sauri, ya ce in tattara hotuna da ranakun haihuwar 'yan ajin ƙarshe, za a kai sunayensu don jarrabawar BECE ranar Juma'a. Ban tabbatar ko Juma'ar makon nan yake nufi ko ta gaba ba. Tambayar tana bakina, amma na ga kamar zai ce sabon malamin nan ba ya fahimta da wuri. Na ce to, na kuma zaɓa wa kaina Juma'ar da ta fi mini sauƙi. Ran Juma'a da sassafe ya aiko a karɓa. Yara 41 ne a ajin, 12 ba su da hoto, ƙauyen kuma babu mai ɗaukar hoto. Da kuɗin aljihuna na yi shatar mota na kwashe su zuwa gari, shi kuma hedimasta ya tafi ofishin ilimi yana ba da haƙuri a jira mu. Saura kaɗan 'ya'yan mutane su rasa jarrabawar da suka yi shekara tara suna shiri dominta. Da yamma bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ticha, da ka tambaye ni ran Litinin, da minti ɗaya ya ishe mu." Har yau in na tuna sai in ji kunya, kuma ta fi wadda na guda ran Litinin ɗin nesa ba kusa ba.

Na biyun kuwa ya fi tsada. Na so in tafi ƙaro ilimi a Winneba da albashina. Na gaya wa shugaban makarantarmu da baki, ya ce madalla, zai sa hannu in lokaci ya yi. Na koma na kwanta a kan wannan magana. Kafin lokacin ya yi aka yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya buɗe fayil ɗina bai ga ko layi ɗaya ba, wani abokin aikina kuwa tasa takardar tana ciki da kwanan wata. Shi ya tafi, ni na jira. Ba wanda ya zalunce ni. Ni ne na ba iska ajiyar maganata.

DARASI DAGA FADAR TONAWA

Mu da muke zaune da Tonawa, akwai abin da muke gani a fadojinsu kullum amma ba mu cika ɗaukar darasi daga gare shi ba. A bainar jama'a ba a yi wa sarkinsu magana kai tsaye. Akwai ociyame, mai magana da yawun sarki, riƙe da sandarsa mai ado na zinariya. Kai za ka faɗa masa, shi ya maimaita da ƙarfi kowa ya ji, sannan amsar sarki ta biyo ta bakinsa, ya gyara mata zama ya isar. In kun duba, abu uku ke nan. Magana tana da hanyar da take bi. Ana maimaita ta a gaban shaidu don kada gobe wani ya ce ba haka aka ce ba. Ana kuma tausasa lafazinta ba tare da an sauya ma'anarta ba. Ba wanda ya ce mai kawo ƙara ya yi shiru don girmama sarki. An dai nuna masa yadda zai faɗa. To ofis ma abin da yake nema ke nan, kuma ga yadda nake ganin za mu yi.

Na farko, maimaita umarni kafin ka bar wurin. In an ba ka aiki, ka ce, "Ranka ya daɗe, in na fahimta daidai, kana son lissafin kayan da suka shigo a watan jiya, a kan teburinka ranar Alhamis kafin azahar. Haka ne?" Abu uku za ka tabbatar: mene ne aikin, yaushe ake son sa, wa za a miƙa wa. Babu shugaba mai hankali da zai ji haushin wannan. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, koyi cewa ba zai yiwu ba cikin ladabi. Ba sai ka ce "a'a" tsirara ba. Ka ce, "Masta, ina kan aikin da ka ba ni jiya, zai kai ni Laraba. In na ɗauki wannan, ɗaya zai jira. Wanne kake so in fara gamawa?" Ka ga ba ka ƙi ba, ba ka kuma yi alkawarin ƙarya ba, ka mayar masa da zaɓi, wanda dama nasa ne. Wannan ya shafi ɗan koyo a garejin Suame kamar yadda ya shafi akawu a banki.

Na uku, mugun labari da wuri ake kai shi. In ka fasa, ko ka ɓatar, ko ka ga aikin ba zai ƙare ba, ka je da ƙafarka tun kafin a neme ka, ka kuma tafi da shawarar gyara a hannu. Ɓarnar da aka faɗa ran Talata ana iya tare ta. In ta kai Juma'a, sai dai a nemi wanda za a ɗora wa laifi. Na ga ma'aikata da yawa da aka yafe musu kuskure, amma ban cika ganin wanda aka yafe wa ɓoyewa ba.

Na huɗu, bi hanya. In kana da kuka da shugaban sashenku, fara da shi, ku biyu, a lokacin da ba ya cikin fushi ko sauri. In abin bai gyaru ba, sannan ka hau sama, kuma ka sanar da shi za ka hau. Mu 'yan Zango muna da wata al'ada ta neman wani Alhaji ko wani babba ya je ya yi mana magana. A harkar aure da sulhun unguwa wannan daidai ne. A ofis kuwa sau da yawa yakan jawo wa mutum raini, don shugaba zai ce wanda ba zai iya faɗin bukatarsa da bakinsa ba, yaya zai iya da mutum goma a ƙarƙashinsa? Sannan ka guji majalisar bayan ofis inda ake cin naman shugaba. Duk abin da aka faɗa a can yana da ƙafa, kuma baki shi ke yanka wuya.

Na biyar, abin da ya shafi haƙƙinka, rubuta shi. Neman hutu, neman ƙarin girma, neman canjin wuri, bashin albashi, duk a takarda, da kwanan wata, ka kuma ajiye kwafi a gida. Wannan ba rashin yarda da mutum ba ne, domin mutum yakan manta, akan yi masa canji, yakan kuma rasu. Ita kanta doka haka ta tsara. Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, ta ce aikin da zai kai wata shida ko fiye sai da yarjejeniya a rubuce. Ta ba ma'aikaci hutun shekara da bai gaza kwanakin aiki 15 ba da cikakken albashi. Ta kuma sa barin ƙofar magana a buɗe tsakanin mai ba da aiki da ma'aikatansa cikin wajiban mai ba da aikin. 'Yan'uwanmu nawa ne suka yi shekara goma suna gadi ko tuƙi ba su da ko fallen takarda, ranar da aka sallame su suka rasa abin nunawa a gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa? Mu malamai ma mun ga yadda zamani ya juya. A 2020 Hukumar Ilimi ta Gana ta sauya ganawar baka da jarrabawa a kan takarda wajen ƙarin girma zuwa manyan matakai. Wanda ya ƙi sabawa da karatu da rubutun aikinsa, shi zai sha wuya.

Wayar hannu ta sauƙaƙa wannan. In shugaba ya ba ka umarni a tsaye, ka bi shi da ɗan gajeren saƙo: ga abin da ka ce, ga ranar da zan kawo. Layi biyu sun isa, kuma sun zama shaida. Amma don Allah a rage aika wa shugaba saƙon murya na minti biyar ta WhatsApp, wanda rabinsa gaisuwa ce. Yi gaisuwa a layi ɗaya, faɗi bukata a layi na biyu. Kuma zauren ma'aikata na waya ba wurin rigima ba ne. Abin da ka rubuta cikin fushi da dare yana nan yana jiranka da safe, kowa ya karanta.

Na shida, bari a san aikinka. Mun tashi da jin cewa yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Amma ba da rahoto daban, yabon kai daban. In a ƙarshen wata ka miƙa rabin shafi mai cewa ga abin da aka sa ni, ga wanda na gama, ga wanda ya tsaya da dalilinsa, ba ka yi alfahari ba, aikinka ka yi. Shugaba mai mutum talatin a ƙarƙashinsa ba zai iya tuna wanda ya kwana a sito yana ƙirga kaya ba sai an tuna masa.

GA WAƊANDA ALLAH YA ƊORA A GABA

Duk abin da na faɗa a sama rabin magana ne, domin na ƙasa ba ya buɗe baki sai na sama ya buɗe kunne. A cikinmu yanzu akwai hedimastoci, da manyan ma'aikatan jinya, da shugabannin tasha, da masu gareji da yara ashirin a hannunsu. Bari in ba ku wani labari daga nesa, daga aikin da kuskuren magana ke cin rai nan take.

Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu samfurin Boeing 747, ɗaya na KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo mai kauri. Mutum 583 suka mutu. Matuƙin jirgin KLM yana cikin manyan matuƙan kamfanin, har shi ke horar da waɗansu. Ya fara gudun tashi yana zaton an ba shi izini, alhali ba a ba shi ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya sauka daga titin. Matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya sauka, ya ci gaba, ba wanda ya sake cewa uffan. Bayan wannan hatsari da irinsa aka tsaurara ƙa'idar kalmomin da matuƙa ke amfani da su a rediyo, aka kuma shigo da horo na musamman da ke koya wa ƙananan ma'aikatan jirgi su faɗi abin da suka gani ba tare da kwana-kwana ba, manya kuma su saurara.

Makarantarka ko garejinka ba jirgin sama ba ne, amma ka tambayi kanka: yaushe rabon da wani na ƙasa da kai ya ce maka, "Masta, ina ganin akwai kuskure a nan"? In ka daɗe ba ka ji haka ba, kada ka ɗauka ka daina kuskure ne. Mai yiwuwa sun daina faɗa maka ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wurin aiki masu ɗakin su ne masinja da direba da mai shara da sabon malami.

Saboda haka in ka ba da umarni, kada ka ce "ka gane?", don amsar da za ka samu ita ce "to". Ka ce, "Faɗa mini yadda za ka yi." A wurin taro ka fara jin ta bakin ƙanana kafin ka faɗi ra'ayinka, don in ka riga su, ba mai saɓa maka. In za ka yi gyara, ja mutum gefe, ka faɗi abin da ya yi da abin da kake so ya yi gobe, ka bar maganar asalinsa da halin gidansu. In za ka yaba, yaba a gaban jama'a, ka kuma ambaci aikin da sunansa. Wanda ya kawo maka mugun labari, fara da yi masa godiya ko da ranka ya ɓaci, don yadda ka karɓe shi yau shi zai nuna ko gobe wani zai kawo. A kan waɗansu sandunan ociyame akwai siffar hannu riƙe da ƙwai. Tonawa suka ce mulki ke nan: in ka matse ya fashe, in ka sassauta ya faɗi.

Mu iyaye da malamai ma da namu laifin. Yaron da duk ranar da ya ce "don me?" aka daka masa tsawa, shi ne gobe zai tsaya gaban manaja yana murza hula. A ajina yanzu, in na ba da aikin gida, sai na sa ɗalibi ɗaya ya tashi ya maimaita abin da na ce, kuma wanda ya yi tambaya ba na bari a yi masa dariya. A gida ma ana iya haka. Ka aiki ɗanka, ka ce ya maimaita saƙon. In ya dawo, ka bar shi ya ba da bayani har ƙarshe. Ladabinsa ba zai ragu ba.

Shi kuwa ɗalibin nawa, ga abin da muka rabu a kai. Zai rubuta rabin shafi na abin da ya yi wa kamfanin a shekara biyun nan, da alƙaluma. Zai nemi manajan ya ba shi minti goma a ranar da ba ta da cunkoso. Ba zai ambaci wanda aka ɗora a kansa ba, ba zai kuma ambaci Zango ba. Tambaya ɗaya zai yi: "Ranka ya daɗe, ina son in kai wannan matsayi. Me ya rage mini, kuma yaushe zan dawo mu sake dubawa?" In an ba shi amsa, ya sami abin yi. In kuwa an yi ta yi masa hanya-hanya, to ya san inda ya tsaya, sai ya fara duba wata ƙofar da takardunsa a hannu. Na gaya masa ban yi masa alkawarin kujera ba. Da zai tafi ya ce, "To, Malam." Na ce, "Wanne daga ciki?" Ya yi dariya ya ce, "Na zan yi."

In ya dawo da labari, mai daɗi ko akasin haka, zan sanar da ku da izininsa. Ku ma masu karatu, wanda ya taɓa yin asara saboda shiru, ko ya ci riba saboda ya yi magana a kan kari, ya rubuto mana ta ofishin wannan jarida, ba sai ya sa sunan wurin aikinsa ba.